Yaya daren Mumbai yake ga baƙon da ba ya shan giya?

Wani ƙanenmu daga Kano ya samu gurbin karatu na shekara biyu a Mumbai. Ya ce shi ba ya shan giya, amma ya san abokan karatu za su riƙa jan sa fita da dare. Yana so ya san ko mashayu da gidajen rawa na birnin haka suke kamar yadda ake nunawa a fina-finan Indiya, ko wanda ba ya sha zai iya shiga, da kuma abin da baƙar fata ya kamata ya kiyaye.

Ƙanena, Allah ya sa a je a sa'a. Aikina a Mumbai tafinta ne da nema wa baƙi masauki, yawancinsu 'yan kasuwa da masu jinya da ɗalibai daga ƙasashenmu. Saboda haka daren garin na fi saninsa ta wajen da yake ƙarewa da safe, wato teburin karɓar baƙi na otal da bencin ofishin 'yan sanda.

Ka fara da sanin abin da yawancin baƙi ba su sani ba: a takarda, Mumbai gari ne da doka ta hana giya. A 1949, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, gwamnatin lardin Bombay ta kafa dokar haramta sha da sayar da barasa. Wanda ya tsaya mata kai da fata shi ne Morarji Desai, mabiyin Gandhi, wanda daga baya ya zama firaminista a 1977. Har yau ba a soke dokar nan ba, sassauta ta aka yi ta yi tun daga shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Ke nan duk kwalbar da aka buɗe a birnin da izini na musamman aka buɗe ta. Mai mashaya yana da lasisinsa, shi ma mai shan, a ƙa'ida, sai ya mallaki takardar izinin sha daga hukumar harajin barasa ta Maharashtra, jihar da Mumbai take ciki. Shi ya sa za ka ga allunan tsofaffin mashayu an rubuta Permit Room. Ranar da ake zaman lafiya babu mai tambayar takardar nan. Ranar da 'yan sanda suka ga damar yin sumame kuwa, dokar tana aljihunsu. A 2012 wani babban ɗan sanda mai suna Vasant Dhoble ya addabi gidajen rawa na birnin, yana shiga da sandar wasan hoki a hannu, yana kama mutane da tsofaffin dokokin da kowa ya manta da su, irin na cunkoso da na rashin takardar izini. Gari ya ɗauki ce-ce-ku-ce, daga bisani aka sauya masa wurin aiki, dokokin kuwa suna nan yadda ya same su.

Zamanin da haramcin yake da ƙarfi bai hana sha ba, ɓoye shi ya yi. Wasu mata Kiristoci 'yan asalin Goa suna sayar da barasar gida a ɗakunansu a unguwanni irin su Dhobi Talao, kuma fasa-ƙwaurin giya shi ya yi wa wasu manyan 'yan daban birnin jari, irin su Varadarajan Mudaliar. Bos ɗin nan da kake gani a tsofaffin fina-finai, mai yara da jarkoki a bayan mota, daga nan masu shirya fim suka ɗauko shi.

Daga wannan dokar sauran ƙa'idojin suka fito. Shekarun shan barasa mai ƙarfi 25 ne a Maharashtra, mara ƙarfi kuma 21, kuma manyan gidajen rawa sukan duba katin shaida a ƙofa ko kana sha ko ba ka sha. Akwai ranakun da ba a sayar da giya sam, manyansu 26 ga Janairu da 15 ga Agusta da 2 ga Oktoba, ranar haihuwar Gandhi, sai kuma kwana biyu kafin rufe rumfunan zaɓe da ranar ƙidaya ƙuri'a. Sannan lokacin tashi: ƙarfe 1:30 na dare ake rufe mashaya. Rawa har asuba da kake gani a fim, a gari ba haka take ba, sai a daren sabuwar shekara da gwamnati kan ƙara lokaci zuwa ƙarfe 5, ko a wasu manyan otal da suke da nasu sassaucin. A Janairun 2020 gwamnatin jihar ta ba manyan kantuna da gidajen abinci na wasu unguwannin da ba na zama ba izinin buɗewa dare da rana, aka yi ta shelar cewa gari ya daina barci, amma giya aka bar ta a 1:30 ɗinta. Bayan wata biyu kuma korona ta zo ta rufe kowa.

Garin dogo ne siriri, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, teku ta kewaye shi, kuma inda abokanka za su kai ka ya danganta da aljihunsu da inda suke kwana. Can ƙarshen kudu akwai Colaba, tsohuwar unguwar Turawa da matuƙan jirgin ruwa. A nan otal ɗin Taj Mahal Palace yake, wanda aka buɗe a 1903, kuma mashayarsa Harbour Bar ta 1933 ita ake cewa ta fara samun lasisi a birnin. Daga shekarun 1930 makaɗan jaz baƙaƙen fata daga Amurka sun yi wasa a otal ɗin, makaɗa 'yan Goa suka koya a wajensu, daga baya su ne suka cika ɗakunan ɗaukar waƙoƙin fim da ƙaho da goge. Wani ɓangare na sautin tsofaffin waƙoƙin Indiya da iyayenmu suka ji a sinima, daga daren Colaba da unguwar Churchgate da ke kusa da ita ya fito. A babban titin Colaba akwai Leopold Cafe, wanda ya samo asali tun 1871, da Cafe Mondegar mai zane-zanen barkwanci na Mario Miranda a bango. Leopold na cikin wuraren farko da 'yan bindiga suka buɗe wa wuta a harin 26 ga Nuwamban 2008, wanda ya ci rayuka 166, kuma masu wurin sun bar ramukan harsashi a jikin bango har yau. Waɗannan biyun rabinsu gidan abinci ne, iyalai da 'yan yawon buɗe ido suna shiga da rana tsaka.

Idan ka taho arewa kaɗan sai Lower Parel da Worli, inda kuɗin yake. Wannan yanki a da masaƙu ne jere da juna, da gidajen haya na ma'aikata masu ɗaki ɗaiɗai. A 1982 Datta Samant ya jagoranci ma'aikatan masaƙu kusan 250,000 suka shiga yajin aiki, yajin ya wuce shekara, bai yi nasara ba, kuma masaƙun ba su sake farfaɗowa ba. Ka ɗauka masaƙun Kakuri na Kaduna ne aka wayi gari filinsu ya fi na ko'ina tsada a ƙasa, aka bar dogayen bututun hayaƙi a tsaye don ado, aka zuba kantunan alfarma da gidajen rawa a cikin zaurukan da ake saƙa. Haka Phoenix Mills da Kamala Mills da Todi Mills suke yanzu. Jikokin masaƙan da yawa an tura su can bayan gari, wasu kuma su ne masu gadi da masu wanke kofuna a inda kakanninsu suka yi saƙa. A wannan yanki ne ake samun mashayun saman bene, irin Aer da ke hawa na 34 na otal ɗin Four Seasons, inda kuɗin kofi ɗaya na lemo zai ciyar da ɗalibi kwana biyu. Wuraren nan ba sa daɗewa. Blue Frog, wanda ya yi suna da kiɗan kai-tsaye, an buɗe shi a 2007 aka rufe a 2016, kuma shi ma ana ganin ya yi tsawon rai. Kuɗin haya ke kashe su, don haka duk sunan kulob da wani ya ba ka, ka bincika ko yana nan kafin ka hau tasi.

Ɗalibai da matasan ma'aikata sun fi zuwa Bandra da Khar, sai Andheri da Juhu inda 'yan fim da masu neman shiga fim suke. A Bandra ne gidan Shah Rukh Khan yake, a bakin teku, kuma kowane dare za ka ga mutane tsaye a ƙofarsa suna ɗaukar hoto da allon sunan gidan. Na san za ka je, kowa yana zuwa.

Mashayun kansu hawa-hawa ne. Akwai na talaka ma'aikaci, ɗaki mai duhu da fanka da teburan roba, maza zalla, ana sayar da ƙaramar kwalba da gyaɗa ko soyayyen wake a faranti. Irin su Gokul a Colaba da Janata a Bandra sun fito daga wannan jinsin, sai dai ɗalibai sun mamaye su saboda araha da abinci. Akwai na masu kuɗi da na ambata. A ƙasan duka kuma akwai barasar da ake dafawa a ɓoye a unguwannin marasa galihu, ita ce mai kisa. A Yunin 2015 a Malvani, arewacin birnin, sama da mutum 100 suka mutu bayan sun sha wadda aka gauraya da sinadarin methanol, yawancinsu leburori da direbobi. Barasa mai lasisi tana da tsada a Maharashtra saboda kowace jiha ke yanka mata haraji, kuma jihar tana cikin masu tsanantawa. Wanda bai iya saye ba sai ya gangara wajen mai araha.

Sai gidajen da ake kira dance bar, waɗanda na tabbata su ne a ranka da ka ce fim. Ɗaki ne mai madubai da fitilu masu launi, mata sanye da cikakkun kayan Indiya suna rawa da waƙoƙin fim, maza suna zaune suna sha suna yi musu liƙi da takardun kuɗi. Wannan abu ne na Mumbai ƙashin kanta, ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990, kuma fim ɗin Chandni Bar na 2001 da Tabu ta fito a ciki a kansa aka yi shi. A Agustan 2005 ministan cikin gida na jihar, R. R. Patil, ya sa aka hana su, yana cewa suna lalata matasa suna tsiyata magidanta. An ƙiyasta mata kusan 75,000 suka rasa sana'a a dare ɗaya. Dokar ta ƙyale rawa a manyan otal, ta hana a ƙananan mashayu, kuma ta wannan ƙofar aka kayar da ita: Babbar Kotun Bombay ta soke ta a 2006, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2013, cewa ba za a halatta wa mai kuɗi abin da aka haramta wa talaka ba. Jihar ta sake hanawa a 2014, kotu ta dakatar, jihar ta kawo sabuwar doka a 2016 mai sharuɗɗan da kusan babu mai iya cikawa. A Janairun 2019 Kotun Ƙoli ta zubar da wasu sharuɗɗan, ta bar wasu: rawa daga 6 na yamma zuwa 11:30 na dare, a ba mai rawa kyauta a hannu amma kada a watsa mata kuɗi. A aikace lasisin bai yawaita ba, yawancin gidajen suna aiki da sunan gidan kaɗe-kaɗe, rabi a fili rabi a ɓoye, ana yi musu sumame a kai a kai, a kwashe har da masu kallo. Ra'ayina game da haramcin shi ne matan aka hukunta, mazan da ke liƙin ba abin da ya same su. Ra'ayina game da kai kuma shi ne kada ƙafarka ta taka wurin. Ɗan gari idan aka kwashe shi, kawunsa zai zo da safe. Kai ofishin jakadancinmu yana Delhi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Wanda ba ya sha yana shiga, kuma ba wanda zai kalle shi. Indiyawa da yawa ba sa sha: Musulmi, mabiya addinin Jain, 'yan Gujarat da dama, wadda jiha ce mai maƙwabtaka da giya take haram tun 1960. Kowane teburi na ɗalibai za ka samu mutum ɗaya ko biyu da lemon tsami da soda a gabansu. Idan ka ce ba ka sha, sau ɗaya ya isa. Hukuncin zama a teburin da ake zagaya giya kuwa ka san shi tun daga islamiyya, ba sai na karanta maka ba, wannan tsakaninka ne da malaminka. Abin da zan ƙara shi ne ka kula da abin da ake haɗawa a kofi. Jerin abubuwan sha kashi biyu ne, masu barasa da marasa, sunayensu kuma suna kama da juna, don haka ka faɗa wa mai kawowa da bakinka.

Ƙofar kulob ita ce inda za ka fara jin jiki. Namijin da ya zo ba mace ana ce masa stag, kuma a daren Juma'a da Asabar wurare da yawa ko dai su hana shi shiga ko su ninka masa kuɗin ƙofa. Wani wurin kuɗin ƙofar ana cire shi daga abin da ka ci, wani wurin ya tafi ke nan, ka tambaya kafin ka biya. Silifas da gajeren wando ba sa shiga. Sannan ƙartin da ke tsaron ƙofa suna da ikon su ce wuri ya cika, kuma ba zan ɓoye maka ba, baƙar fata ya fi jin wannan kalmar, musamman idan maza biyu ko uku ne 'yan Afirka suka zo tare. Kada ka tsaya musu. Ba a cin gardama da mai gadi, kuma hayaniya a bakin ƙofa ita ke jawo ɗan sanda. Idan da abokai Indiyawa ka zo, aka kuma yi ajiyar teburi da sunan ɗayansu, yawanci ba a samun matsala.

Takardar kuɗi ma ka duba ta. Farashin da ke jikin jerin abinci ba shi ne ƙarshe ba, za a ɗora haraji, wasu kuma su ɗora ladan hidima. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ce wannan ladan ba dole ba ne, kana iya cewa a cire. Idan taro ne, al'adar matasan garin ita ce a raba kuɗi daidai, wato kai mai lemon tsami za ka biya wa mai wuski. Ka faɗa tun farko cewa naka daban, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma damfarar da jaridun birnin suka yi ta bugawa a 2024: yarinya ta haɗu da kai a manhajar neman abota, ta zaɓi wurin haɗuwa da kanta, ta yi odar abubuwa masu tsada, ta ce ana kiranta a gida ta fice, sai a kawo maka takardar dubban rupi da ƙarti biyu a bayanka. Ita da gidan bakinsu ɗaya. Duk wadda ta nace sai wani kulob da ba ka sani ba a haɗuwar farko, ka bar ta.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari gare ka shi ne ƙwaya. Sunan Najeriya a bakin 'yan sandan Mumbai da jaridunta ya haɗu da hodar iblis, saboda wasu 'yan ƙasarmu da aka kama da ita, kuma dubban da ke karatunsu da kasuwancinsu lafiya su ke biyan bashin. Ana yawan kai sumame unguwannin bayan gari da 'yan Afirka suka fi zama, irin su Mira Road da Nalasopara da wasu sassan Navi Mumbai. A cikin kulob ko a titin Colaba wani zai matso ya tambaye ka ko kana da kaya, don kawai ya ga fatarka. Wani mai saye ne na gaske, wani ɗan rahoto ne. Ka ce a'a ka matsa, kada ka mai da shi wasa, kada ka nuna masa wani. Kada ka riƙe wa kowa jaka, ko na minti ɗaya, ko ɗan garinku ne. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Indiya ta 1985 ba ta da wasa: adadin da aka ɗauka na fatauci ne hukuncinsa shekara 10 zuwa 20, kuma an tsara ta yadda beli zai yi wuya, mutum yana iya shekaru a tsare kafin a gama shari'a. A Oktoban 2021 hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta kama Aryan Khan, ɗan Shah Rukh Khan, a sumamen wani jirgin ruwa na shaƙatawa da ke shirin tashi daga Mumbai. Ba a samu komai a jikinsa ba, amma sai da ya yi kusan mako huɗu a tsare, ga manyan lauyoyin ƙasar a bayansa, kuma sai a Mayun 2022 aka wanke shi. Ka auna da kanka. Shagalin gida da ba ka san mai shi ba, ko na gidan gona a bayan gari da ake cewa har safe, nan ne ake kwashe kowa a kai asibiti a ɗebi jini. Zargin nan yakan wuce hannun hukuma: a Maris na 2017, a Greater Noida kusa da Delhi, taron jama'a sun lakaɗa wa ɗaliban Najeriya duka a wani babban kanti bayan an yaɗa jita-jitar ƙwaya kan mutuwar wani yaro. Mumbai ta fi Delhi sanyin hali nesa ba kusa ba, amma ka san ƙasar da kake.

Takardunka su ne garkuwarka. Mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa, yanzu ta intanet ake yi. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza da takardar rajistar da katin makaranta. Da dare 'yan sanda suna kafa shingen bincike, suna ce masa nakabandi, kuma ɗalibin da ya miƙa katin makaranta da fara'a minti biyu yake yi. Wanda bizarsa ta ƙare kuwa, a nan tafiyarsa take ƙarewa. A shingen ne kuma ake busa na'urar gwajin barasa. Iyakar da doka ta yarda miligiram 30 ne a mililita 100 na jini, kofi ɗaya ma yana iya wuce shi, kuma tun 2019 tarar farko rupi 10,000 ce ko ɗaurin wata shida. Kada ka hau motar abokin da ya sha, kada kuma ka karɓi tuƙin don kai ne mai hankali, alhali ba ka da lasisin da ƙasar ta yarda da shi.

Akwai wani abu da nake gaya wa kowa, ana yi mini dariya: idan ka shiga wuri, ka nemi ƙofar fita ta biyu kafin ka zauna. Daren 29 ga Disamban 2017 gobara ta tashi a saman wani bene a Kamala Mills inda gidajen shaƙatawa biyu suke manne da juna. Bincike ya nuna garwashin shisha ne ya kama labule da rumfar da aka yi da gora da leda ba bisa ƙa'ida ba. Mutum 14 suka mutu, yawancinsu mata, kuma da yawa hayaƙi ne ya kashe su a banɗaki, inda suka ɓuya saboda ba su ga hanyar fita ba. Cikinsu har da wadda ake bikin zagayowar ranar haihuwarta. Washegari hukumar birni ta fito da katafila tana rushe gine-ginen da ta daɗe tana gani, kuma a 2018 jihar ta hana gidajen shisha mai taba. Filin garin ya yi tsada, kowane mai gida yana so ya cusa teburi a inda ya kamata a bar hanya. Wurin da matattakalarsa ɗaya ce siririya, ko aka jibge kwalaye a bakin ƙofar gaggawa, ka ja abokanka ku sauya.

Duk wannan game da ɗakuna masu lasisi ne, kuma mafi yawan mutanen Mumbai ba a cikinsu suke raba dare ba. Gidaje ƙanana ne, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, ga zafi, don haka da dare gari waje yake fitowa. Marine Drive, titin nan mai lanƙwasa na bakin teku mai tsawon kusan kilomita uku da rabi, yana cika da iyalai da masoya da tsofaffi zaune a kan dakali har bayan sha biyu, masu shayi a keke suna zagayawa, ko sisi ba a biya. Haka bakin ruwan Chowpatty da Juhu da Carter Road a Bandra. Wani lokaci idan dare ya yi nisa 'yan sanda kan zo su tashi mutane, sai ka tashi ba musu.

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen birnin Musulmi ne, kuma cibiyarsu ta dare ita ce Mohammed Ali Road da Bhendi Bazaar. A watan azumi layukan da ke kewaye da masallacin Minara ba sa barci daga buɗa-baki har sahur: gasasshen nama, farfesun ƙashi mai ɓargo da ake kira nihari, malpua, wani fanke mai zaƙi da ake soyawa a manyan kasko, phirni na shinkafa da madara a ƙananan kwanonin ƙasa. Hindu da Kirista da 'yan fim duk suna zuwa, cunkoson sai ka riƙe wayarka da kyau. Naman da za a ce maka na sa ne, na ɓauna ne, domin tun 2015 jihar ta hana yanka bijimai bayan saniya da aka daɗe da hanawa. A bayan otal ɗin Taj akwai Bademiya, masu gashin nama da suka fara tun shekarun 1940, inda 'yan kulob da direbobin tasi suke haɗuwa bayan an tashi, ana cin abinci a kan murfin mota. Hubbaren Haji Ali yana tsakiyar ruwa, ana isa ta siririyar hanya da teku ke rufewa idan ta cika, kuma da yammacin Alhamis da Juma'a akan samu mawaƙan ƙawali, wato waƙoƙin bege na Sufaye. Ko kana cikin masu ziyarar hubbare ko ba ka ciki, shagon lemon 'ya'yan itace da ke bakin hanyar ya cancanci tsayawa. Ga mai son wasan kwaikwayo akwai Prithvi Theatre a Juhu, wanda Shashi Kapoor ya gina a 1978, da shagon shayinsa a tsakar gida inda ake hira har dare. Lokacin bikin Navratri na mabiya addinin Hindu kuma dare tara ake wata rawar gargajiya mai suna garba a filaye, dubban mutane, ba giya, sai dai lasifika doka ta ce a kashe ƙarfe 10, ban da 'yan kwanakin da ake ƙarawa zuwa 12.

Saura komawa gida, wanda shi ya kamata ka fara lissafawa kafin ka fita. Jirgin ƙasa na cikin gari shi ne mafi araha, amma na ƙarshe daga tashar Churchgate ta kudancin gari yana tashi wajen ƙarfe 1, kafin a rufe mashayu ke nan, kuma sai wajen 4 na asuba ake farawa. Idan masaukinka yana nesa a arewa, ka bar abokai tun 12 da 'yan mintoci. Ka kula da taragon mata, yana da alama a jiki, da dare akan sa ɗan sanda a ciki, kuma namijin da ya faɗa ciki ko da kuskure tara zai biya. Adaidaita sahu ba ya shiga kudancin gari, iyakarsa Bandra ta yamma da Sion ta tsakiya, daga nan sai tasi mai launin baƙi da rawaya ko Uber da Ola. Direbobin Mumbai suna aiki da mita fiye da na sauran biranen Indiya, kuma daga 12 na dare zuwa 5 na asuba akwai ƙarin kashi 25 cikin ɗari, halal ɗinsu ne, kada ka yi rigima a kai. Ka riƙe tsabar kuɗi, domin 'yan gari da waya suke biyan komai, kai kuwa hakan ba zai zo maka da sauƙi ba kafin ka buɗe asusun banki na can. Lambar gaggawa 112 ce. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, kuma ruwan Mumbai yana tsayar da jirgi ya cika titi cikin awa biyu. Daren da hukumar yanayi ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, ko wa ya kira ka, ka ce sai gobe.